Numfashin Ƙanena Rediyo

Na Allah ne mu, gare Shi kuma muke komawa. Ƙanena ya riga ni.

Ranar Lahadi, goma sha bakwai ga watan Agusta, da hantsi, Allah Ya karɓi ran wanda gida da waje suka sani da Rediyo. Ya cika a asibiti, a ɗakin masu ciwon ƙirji, matarsa na riƙe da hannunsa. Ni kuwa ina bakin ƙofa, na juya baya, ina wanke wani ma'aikaci tas a kan tukunyar iskar da aka ce za a canza tun safe. Da na shigo na tarar an ja masa mayafi. Ko a wannan ma sai da ka shammace ni, Rediyo. Ka bari bakina ya kama aiki a wani wuri, sannan ka sulale.

Da yawa daga masu karanta wannan ba su taɓa ganin fuskarsa ba, amma sun san shi. Idan kun taɓa kallon fim ɗin ƙasar waje da aka juya zuwa Hausa, irin na ban tsoron nan da ake gina wani birni mai ƙyalli inda ba yunwa ba ciwo, na'ura mai tunani tana lura da kowa har ta fara zaɓen wanda ya cancanci ya rayu, to muryar da kuka ji tasa ce. Shi ne jarumin, shi ne tsohon da ke ɓoye a ƙarƙashin ƙasa, shi ne kuma na'urar. Shekara ashirin da ɗoriya yana wannan aiki. Na rubuta wannan ne don in yi masa addu'a a bainar jama'a, in kuma faɗi abin da aka so a yi da muryarsa bayan an binne shi, domin masu sauraronsa suna da haƙƙin su sani.

Babanmu ne ya raɗa maka sunan. Ya ce duk rediyon da ya taɓa saya yana da wurin kashewa, ban da wannan da Allah Ya ba shi kyauta. Tun ba ka shiga makaranta ba kake iya muryar kowa a layinmu. Ka taɓa laɓewa a bayan ƙofa ka kira Inna da muryar Baba, ta bar tukunya a wuta ta fito da ruwan wanke hannu, ta tarar da kai kana birgima don dariya. Ta bi ka da ludayi har bakin titi, amma da Baba ya dawo ita ce ta sa ka maimaita masa. Ni kuma kai ka sa mini nawa sunan. Tun ina sakandare nake karanta duk abin da ya faɗo hannuna, kuma ban taɓa rufe littafi ban yanke masa hukunci ba, sai ka fara kirana Hukuma. Yau ga furfura a kaina, ɗalibaina suna ce mini Malama, amma 'ya'yanka Gwaggo Hukuma suka sani, kuma ba ni da inda zan kai ƙara.

Sau ɗaya na ga an nemi murya a wurinka ka hana. Bayan rasuwar Baba, wata rana da yamma Inna ta dube ka ta ce ka ɗan yi mata shi, ko sallamarsa ce kawai. Ka durƙusa a gabanta ka ce za ka yi mata kowa, daga mai sayar da ruwa har mai karanta labarai, ban da wannan. Ka ce in ka yi yau gobe ma za ta nema, kuma ba shi zai amsa ba. Sai ka zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ka yi ta ba ta labarin Baba da taka muryar, har ta yi dariya ta gyara maka inda ka ƙara gishiri.

Ban taɓa ɓoye maka ra'ayina a kan fina-finanka ba. Na ce maka rainin hankali ne. Mutanen da famfonsu bai taɓa ƙafewa ba su zauna su shirya fim don su tsorata mu da garin da ruwa ba ya ɗaukewa. Mu da muke yini a layin asibiti a ce mana mu ji tsoron birnin da ba a ciwo. Na karanta littattafan masu mafarkin gari nagari, na da da na yanzu, kuma na san ba dukansu mahaukata ba ne. Wasunsu mutane ne da suka gaji da ganin yara suna mutuwa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sai ga shi duk fim ɗin da ka kawo darasinsa ɗaya: ka gode wa kwatar ƙofar gidanka, domin mai gyara ta dodo ne. Na ce wannan huɗuba ce da ƙosasshe ke yi wa mai jin yunwa.

Kai ba ka iya fushi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Sai ka bar ni in zazzage, kana kurɓar shayinka, sannan ka ja numfashi ta hanci, irin wanda kake ja in ka shirya mini, ka ce ba ruwan famfon ne abin tsoro ba. Ka ce in lura, a duk waɗannan birane ana ba mutum komai, abu ɗaya kawai ake hana shi, damar ya ce na gode, amma a'a. Ka ce, "Hukuma, in kin shiga gari kin ji babu mai tari, kafin ki yaba iskar garin, ki tambaya ina aka kai masu tarin." Na ce maka wannan magana ta fi fim ɗin kyau, kuma ba daga cikinsa ka samo ta ba. Ka ce to ai shi ya sa fim ɗin yake buƙatarka. Mun yi wannan musu a falonka, mun yi shi a motar haya, mun yi shi a bakin gadon Inna tana jinyarta ta ƙarshe har ta kore mu waje. Ban sallama ba.

Shekarar da aka yi mini aiki a idanu, aka naɗe su aka hana ni karatu, na zama abin da ba a iya zama da shi. Mijina ya riga ya rasu, 'ya'yana suna nesa, masu zuwa dubiya kuwa ba sa wuce gaisuwa don sun san halina. Kai kaɗai kake zuwa kullum bayan la'asar, ka ɗauko littafi daga kanta ka karanta mini. Ba ka taɓa karanta shi tsakani da Allah ba. Wani babban masani da nake girmamawa ka ba shi muryar mai gidan hayarmu na da, mai magana ta hanci, har yau ba na buɗe littafin ban ji yana ƙorafin ɓarnar ruwa ba. Na yi dariya har likita ya yi faɗa.

A cikin kwanakin nan ne ka ce tunda ba ni da idon da zan raina hoto, bari ka sa mini fim ɗinka in saurara. Na yarda don ba ni da wurin gudu. Labarin wata mata ce da ɗanta ya kamu da ciwo a birnin da aka ce an gama da ciwo. Ta ɓoye shi a ɗaki, na'urar da ke tafiyar da gidan tana lallashinta ta buɗe ƙofa. Ba ihu, ba hayaniya. Na'urar tana gaishe ta da ladabi, tana tambayar yadda ta tashi, tana cewa don amfaninki ne, don amfanin yaron ne. Muryarka ce, na san ta tun ina goya ka. Amma tsikar jikina ta tashi, na ji ina laluben bango in jingina bayana. Na ce ka kashe. Na tambaye ka me ka yi wa muryar, ka ƙi faɗa, ka ce in idona ya buɗe in zo in gani.

Na je. Situdiyon naku ɗan ɗaki ne a saman wani shagon gyaran firji, an lulluɓe bangonsa da soso da kwalayen ƙwai, an rataya tsohon bargo a ƙofa. In za a ɗauki murya sai an kashe fanka, don haka kullum kana cikin singileti, tawul a wuya, filas ɗin ruwan ɗumi da zuma a ƙasa kusa da ƙafarka. Makirufon an sa masa safa, wadda ka rantse mini wankakkiya ce. A ɗaya gefen gilashin da ya raba ɗakin biyu abokin aikinka yake zaune, wanda kowa ke ce wa Injiniya, mutum mai sanƙo da ƙarancin magana, wanda kuka fara tare tun ana naɗa a kaset. Ya nuna mini muryarka a fuskar kwamfuta, ta zama kamar jerin duwatsu manya da ƙanana. Tsakanin dutse da dutse akwai wani ɗan tudu. Ka ɗora yatsa a kai ka ce wannan numfashi ne.

Dokarka ke nan, kuma ba ka taɓa karya ta ba. In mutum ne ke magana a fim, mai mulki ne ko ɓarawo, ba a taɓa numfashinsa. A bar haki, a bar haɗiyar yawu, a bar ɗan tsayawar da mutum ke yi kafin ya yi ƙarya. In kuwa na'ura ce, sai Injiniya ya bi layi-layi ya yanke kowane numfashi, ya haɗe maganar ta tafi sumul. Ba ka kaurara mata murya, ba ka yi mata muryar gwangwani irin ta sauran masu fassara. Ka ce kunne ba ya sanin abin da aka cire, amma jiki yana sani. Mutum zai zauna yana jiran mai maganar nan ya ja iska, ba zai ja ba, har mai sauraron ya tarar shi ma ya riƙe tasa. Na tambayi Injiniya ina yake kai waɗanda ya yanke. Ya ce ba ka yarda a zubar. Akwai ma'ajiya guda a kwamfutar da ake tara su, in an zo wurin da mutum ke gudu ko ya laɓe a bayan ƙofa sai a ɗebo a zuba masa. Ka ce numfashi ba shara ba ne. Na ce wannan ita ce magana mafi hankali da aka taɓa yi a ɗaki mai warin safa.

Daga wannan jinya tawa kuma ka fara saka 'yan kalmomi a inda hoto kaɗai ke magana, a hankali, kamar mai raɗa: ƙofa ta rufe da kanta, fitilar ta koma ja. Ka yi ne don waɗanda ba sa gani su iya bin labarin. Mai kamfaninku ya ce ɓata lokaci ne, ka ce to ai lokacinka ne. A wurin zaman makokinka wasu makafi suka shigo tare, babu wanda ya san su a cikinmu. Babbansu ya ce sun zo gaida iyalan mutumin da yake tunawa da su a tsakiyar fim.

Bara tarin ya fara maka. Ka ce sanyin fanka ne, kai da ake kashe wa fanka. Da faɗa na ja ka asibiti, kuma lokacin da aka gano abin da ke cikin huhun ya riga ya yi nisa. Muryar ta fara dushewa. Ka daina yin jarumi, ka daina yin na'ura, sai tsofaffin da ke ɓoye a ƙarƙashin birni, kana cewa yanzu ba sai ka yi kwaikwayo ba. Ranar da aka kwantar da kai ka dubi gadaje a jere, kowa da gwangwanin tofinsa, ka jawo hannuna ka raɗa mini cewa ga shi ka gano inda ake kai masu tarin. Na fita baranda na yi kukana, na dawo na ce maka barkwancin bai yi ba.

Daga baya maganar ta ɗauke gaba ɗaya. Rediyo ya yi shiru, abin da Baba bai rayu ya gani ba. Matarka, wadda har yau muke kira Amarya ko da yake babbar 'yarku ta gama jami'a, ita ce ta zauna. Mace ce mai tsoro, ba ta taɓa kallon fim ɗinka ko ɗaya har ƙarshe ba. Da an fara kiɗan sai ta tuna tana da wanki. Amma a watannin nan ba ta gusa ba. Ni ina zirga-zirga tsakanin likita da kantin magani ina rigima da duk wanda ya sa farar riga, ita tana kan kujerar roba, kunnenta a wajen ƙirjinka. Tana gane lokacin da kake son a ɗaga ka, da lokacin da kake son ruwa, da lokacin da tsoro ya zo maka, duk daga yadda iskar ke shiga da fita.

Bayan jana'iza, da masu gaisuwa suka fara raguwa, mai kamfaninku ya zo da rana tsaka, Injiniya na biye da shi ɗauke da kwamfutar hannu, kansa a ƙasa. Zan yi wa mutumin adalci, ko da yake ba na so. Ya zo dubiya lokacin jinya, an ce ya yi kuka a maƙabarta, kuma na yarda yana ƙaunarka irin tasa ƙaunar. Ya zauna a falo ya yi addu'a, sannan ya ce ya zo da albishir. Ya ce yanzu akwai ƙirƙirarriyar basira da ake ɗura wa muryar mutum ta koya, sai ta riƙa faɗin duk abin da aka rubuta mata da wannan murya. Sun riga sun gwada da taka. Ya ce muryar Rediyo ba za ta mutu ba, fina-finai za su ci gaba da fita da sunanka, iyali ba za su tagayyara ba, har ma za a sa wa Amarya a wayarta, duk lokacin da kewa ta dame ta sai ta yi magana a amsa mata. Izininta kawai ake jira. Ya faɗi wannan duka a tausashe, yana murmushi, ya rufe da cewa don amfaninku ne.

Rediyo, shekara ashirin kana faɗin wannan magana a saman shagon firjin nan da muryar dodo. Mai kamfanin nan shi ya sayo fina-finan, shi ya sayar da su, amma da alama bai taɓa zama ya kalli ko ɗaya ba.

Na miƙe. Ba zan maimaita abin da na fara faɗa ba, don wannan rubutun ta'aziyya ne. Na dai tambaye shi ko ƙasar kabarin ta bushe da har aka mayar da kai bakin aiki, ko kuwa a kamfaninsu mutuwa ba ta cikin dalilan hutu. Na ce ya tattara kayansa ya fita. Ina cikin haka Amarya ta kama bakin mayafina. Duk zaman da muka yi ba ta taɓa katse ni ba.

Ta ce, "Yaya, zauna. Bari in ji."

Na ce mata na san abin da za ka ce da kana nan.

Ta ce, "Kin sani, Yaya, ke kika goya shi. Amma ke in kin tashi gidanki za ki koma. Ni ce zan zauna a nan, kuma gidan nan bai taɓa yin shiru ba sai yanzu. Ban san yadda ake zama a cikinsa ba."

Na zauna. Labarin ranar da Inna ta nemi muryar Baba ka hana yana bakina, na haɗiye shi. Ba ka bar wasiyya a kan wannan ba, ba ka san za a yi ba, kuma ba ni aka bar wa ɗakin da babu kai ba. Na ga a fuskarta tana so, so na gaske. Na kuma san in ta ce to, muryarka ta tafi ke nan, za ta yi ta magana har bayan jikokinmu, tana faɗin abin da ba ka gani ba, ba ka yarda da shi ba, kai kuma ba ka da bakin ƙi. Na sa hannuwana a ƙarƙashin cinyoyina na danne. Ban taɓa yin aiki mai wuya kamar wannan shirun ba.

Injiniya ya danna. Sai ga muryarka a falonka. Ta yi sallama ta ce, "Amarya, sannu da haƙuri. Kada ki damu, ina tare da ku. Komai zai daidaita."

Babu abin da za a kushe. Har ɗan jan da kake yi wa sunanta yana nan. Hawaye suka zubo wa Amarya, ta ce a sake. Aka sake. Ni tsikar jikina ta gaya mini abin da nake ji tun kalmar farko, amma na cije leɓe. Ta rufe ido ta karkata kai gefe, yadda take yi a kan kujerar roba a asibiti, ta ce a ƙara. Aka ƙara. Sannan ta dubi Injiniya, ba mai kamfanin ba.

Ta ce, "Muryar baban yara ce. Amma ina numfashinsa?"

Injiniya ya rufe fuska da tafin hannu. Ya ce an umarce shi ya ba na'urar muryar da ta fi tsabta, wadda ba tari, ba haki, ba ƙarar kujera. A duk abin da ka naɗa a rayuwarka, mafi tsabta su ne wuraren da ka yi na'ura, waɗanda shi da hannunsa ya share. Su ya ɗura mata. Ya ce sai da ta buɗe baki ya gane wa ya tayar. Wato abin da aka kawo ya lallashi matarka shi ne ainihin abin da ka ƙera don ya tsorata mutane.

Mai kamfanin bai ga matsala ba. Ya ce ai wannan mai sauƙi ne, na'urar tana iya saka numfashi a duk inda ake so, kafin gobe za a gyara, babu wanda zai bambance. Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Na buɗe baki, Amarya ta riga ni. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Alhaji, numfashinsa ƙidayayye ne. Allah Ya ba shi, ya ja abinsa, na ƙarshen a hannuna ya fita. Ba za ku ƙara masa ko ɗaya ba. Na gode, amma a'a."

Mutumin ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, kuma na ce zan yi masa adalci: kunya ta kama shi. Ya ce wa Injiniya ya goge. Na tashi na tsaya a kansu har aka gama, na tambaya ko akwai wani kwafi a wani wuri, na sa ya rantse a gaban 'ya'yanka. Ya rantse. Na karɓi rantsuwarsa, amma sunana Hukuma, don haka ga sanarwa ga duk mai sauraron ƙanena. Abin da ya naɗa da ransa ya riga ya fita duka. Duk sabon fim ɗin da kuka ji da muryarsa, ko yana numfashi ko yana tari, ba shi ba ne, kuma iyalinsa ba su yarda ba. Ku kashe, sannan ku nemo ni.

Suna shirin fita Amarya ta tsayar da Injiniya. Ta ce ta ji ya ce shi ya share. To in an share, ina ake zubawa? Ni na manta da ma'ajiyar nan sam, ita kuwa ba ta taɓa sanin da ita ba. Ya gaya mata. Ta ce in ba zai zama wahala ba, su take so.

Cikin makon ya kawo su a ɗan filashi, irin wanda ake soka wa kwamfuta, ya jera su yadda suka zo, tun na farkon aikinku da kwamfuta har na bara. Muka zauna bayan la'asar, lokacin da kake zuwa karanta mini, ni da ita da 'yan matanka biyu. Babu kalma ko ɗaya a ciki. Iska ce kawai tana shiga ƙirjin mutum. Na farkon masu ƙarfi ne, na saurayi mai gaggawa. Akwai wanda dariya ta biyo aka yanke ta rabi. Can gaba ana fara jin ɗan shaƙewar nan da ba mu kula da ita ba a lokacin. Amarya tana nuna mana: nan ya gaji, nan yunwa yake ji, nan ya tuna wani abin dariya yana dannewa. Babu ƙirƙirarre a ciki. Kowanne kai ka ja shi da ranka, a ɗaki mai zafi, da tawul a wuya, kuma yana cikin rabon da Allah Ya yanka maka.

Sai ga nawa. Wanda kake ja ta hanci, a hankali, in na gama zazzaga ka shirya mayar mini. Ko a cikin dubu zan tsamo shi. Ban san lokacin da na gyara zama ba, na shirya in ji me za ka ce in ƙaryata. Babu abin da ya biyo.

Ka ci rabin musun, Rediyo. Na ga ranar da aka zo da komai a hannu, da ladabi da murmushi, kuma abin da ya hana a mayar da kai ma'aikacin da ba ya tashi daga aiki har abada shi ne mace mai tsoron fim ta ce a'a. Ɗaya rabin ina riƙe da shi. Da asibitin nan ya canza tukunyar iska tun safe, da ina gefenka, ba a bakin ƙofa ba. Ina nan ina son garin da yake da ruwa da magani da iska, kuma ba zan daina faɗa a kai ba. Sai dai yanzu ba ni da wanda zai bar ni in gama, ya kurɓi shayi, ya ba ni amsa.

Ya Allah, Kai Ka ba shi murya, Kai Ka ƙidaya masa numfashi, Kai Ka karɓi abinKa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka sa ciwon da ya sha ya zame masa kaffara. Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshensa wurin amsa tambaya. Ka haɗa shi da Inna da Baba a gidan da babu yunwa babu ciwo, wanda shi kaɗai ne irinsa da ba a jin tsoro.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Amarya, ƙanwar da Allah Ya ba ni ta hanyarsa. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya sauƙaƙa miki zama da shirun, Ya cika miki shi da natsuwa. Ga 'ya'yansa biyu, Allah Ya shirya ku Ya tsare ku, kuma ku sani ƙofar Gwaggo ba ta rufewa da kanta. Ga Injiniya, ka daina tuhumar kanka, abin da ya kamata a ajiye ka ajiye shi. Ga bayin Allah da suka laluba hanya suka zo gaisuwa, da duk wanda ya taɓa riƙe numfashinsa a gaban talabijin saboda ƙanena, ku sake shi yanzu, ku yi masa addu'a da shi.

Allah Ya jiƙan Rediyo. Mu da muke ja har yanzu, in namu ya ƙare, Ya sa mu cika da imani.

Yayarka,
Hukuma